'Yar Iya a Ƙarshen Layi

Litinin, bayan la'asar

Malam Ayuba, incajin ƙaramin asibitinmu na Ngojin, ya dawo daga taro yau fuska a murtuke. Ya ce motar da take kawo mana gyaɗar tamowa ba za ta zo ba. Wai kasafin kuɗi ne ya maƙale. Majalisa ce ta ƙi sa hannu, ko ita ta sa aka mayar mata, wallahi ban gane ba, kuma shi ma da ya je taron ban ga alamar ya gane ba. Wani ya ce a Abuja abin ya tsaya, wani ya ce a nan kusa ne. Masu tallafi kuma sun ce ba za su saki nasu kason ba sai gwamnati ta ajiye nata.

Ni dai abin da na sani, 'yar ledar nan mai kama da tunkuza mai zaƙi ita take tayar da yaron da yunwa ta kayar, kuma abin da ya rage a sito ba zai wuce Alhamis ɗin nan ba. Ga damina ta yi tsakiya, rumbuna sun yi ƙasa, sabon gero bai nuna ba. Sun iya zaɓen lokaci, Allah ya saka musu.

Albashi kuwa mun daina tambaya.

Na buga waya ƙauyen Danchuwa na gaishe da Iya, uwar maigidana. Tun da cikin nan nawa ya bayyana ta zo ta ɗauke yarinyar yaye, kada ta sha ciki. Na tambayi gona, na tambayi ruwa, na ce ya yaran gida. Ta ce lafiya lau.

Fauziyya, wadda muke aiki tare, tana gefe tana yi mini dariya. Wai ni ma'aikaciyar lafiya guda, amma ba na iya faɗin sunan 'yar da na haifa, sai dai "'yar Iya". Na ce mata 'yar fari ce, kuma takardar makaranta daban, tarbiyya daban. Uwata har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunan yayana ba, ko kallonsa ba ta yi a gaban mutane, kuma ga shi nan ya zama mutum.

Laraba, kafin magariba

Ranar Kasuwar Shanu, gari ya cika da tireloli. Maigidan ya shigo a gurguje ya ɗauki jakarsa, zai raka shanu Kudu. Yana ɗaura takalmi ya ce ya biya ta Danchuwa jiya, 'yar Iya ta ɗan rame tun ƙyandar nan da ta yi, kuma tana zawo. Iya ta ce haƙori ne. Bai dube ni ba da yake faɗa, ni ma ban dube shi ba. Na ce Allah ya sawwaƙe, Allah ya kiyaye hanya.

Haƙori ne. Yara suna zawon haƙori.

Alhamis, azahar ta wuce

Bari dai in rubuta.

Labari ya zaga cewa yau ce rabon ƙarshe, don haka mata sun cika har bakin titi. Ni ce a kan benci da tef ɗin awon damtse. Kore a koma gida, rawaya a ba da shawara, ja a ba da gyaɗa. Fauziyya ce take rabawa. Ina ɗaga kai sai na hango Iya a gindin bishiyar maina, can ƙarshen layi, da goyo a bayanta. Na san zanen goyon, ni na saya.

Wata mata mai bakin tsiya ta ce, "Malama Muhsina, ga surukarki can da 'yarki." Mata suka juyo suna jira su ga abin da zan yi. Na sunkuyar da kai na ci gaba da awo kamar da bango take. To me zan yi? In tashi a gaban Iya, a gaban duk matan Ngojin, in je in ɗauko 'yar fari? Kafin magariba labarin ya isa gidanmu.

Na raɗa wa Fauziyya cewa Iya ta zo. Ta je ta durƙusa ta gaishe ta, ta ce ta taso ta zo gaba. Iya ta ƙi. Ta ce ba za ta tsallake mutane a ce don surukarta tana aiki a nan ba, kowa ɗansa ya kawo. Ba ma nan ta tsaya ba, duk wadda ta zo bayanta da yaro mai kuka sai ta matsa ta ce ta wuce. Ina gani. Ina awo, ina gani, ina kuma jin Fauziyya tana yage kwali bayan kwali.

Da layi ya zo kanta na miƙa wa Fauziyya tef na ce zan sha ruwa. Na shiga sito na tsaya a cikin kwalayen da babu komai a ciki. Ba a jima ba ta shigo. Ta ce, "Ja ne. Ba ma a bakin ja ba, ya shiga ciki." Na ce to a ba ta mana. Ta ce matar da take gaban Iya ce ta tafi da na ƙarshe.

Malam Ayuba da ya ji ya yi ta faɗa har jijiyar wuyansa ta tashi. Ya ce da na buɗe baki tun safe na ce masa 'yata tana layi da an auna ta an ware mata, ba alfarma ba ce, haƙƙinta ne kamar na kowane yaro. Na ce masa 'yar Iya ce. Ya dube ni ya dube ni, ya girgiza kai ya fita.

Kafin su tafi na je na durƙusa na gaishe da Iya. Na ce a riƙa ba yara ruwan gishiri da sukari, a dama musu kunu mai kauri. Yara na ce. Ta ce to. Yarinyar ta leƙo ta gefen goyo ta miƙo hannu, hannun kamar sillen kara. Na gyara mayafina na ce su sauka lafiya.

Juma'a, hantsi

Ba a sa hannu ba.

Asabar, la'asar

Na zaga kasuwa har ƙafata ta kumbura. An ce akwai masu sayar da gyaɗar tamowa a ɓoye, abin da kullum nake zagin masu yi. Yau ni ce nake bi shago shago ina sassauta murya. Wanda ya yarda ya nuna mini, kwanan watan nasa ya wuce tun bara, ledar har ta kumbura. Na ajiye masa kayansa.

Na soya gero da waken suya da gyaɗa, na kai niƙa, na ƙulle garin na ba Babaji mai keke da yake bin hanyar Danchuwa. Na ce ya ce wa Iya garin kunu ne na mai zawon nan.

Na kira. Ya yaran gida? Lafiya lau.

Talata, bayan azahar

Babu man da za a tayar da injin ruwan asibiti, sai da muka sayi ruwa a wajen 'yan garuwa kafin a wanke ɗakin haihuwa. Masu kwashe shara sun daina zuwa, su ma ba a biya su ba, kwalbatin bakin titi ya toshe, ruwan jiya ya shigo mana har ƙarƙashin benci. Malam Ayuba ya kwashe alluran rigakafi a cikin kula mai ƙanƙara ya kai ajiya wani wuri, don batirin firjinmu ya mutu kuma kuɗin sabo yana cikin wannan kasafin mai albarka.

A rediyon mai gadi na ji mutum biyu suna cacar baki. Wannan ya ce don talaka ya ƙi amincewa, wancan ya ce don talaka ya kafe. Kai, talaka ya ga gata! Muryoyinsu garau, da ka ji ka san sun karya kumallo. Ko a jikinsu, an tsikari kakkausa.

Alhamis, la'asar

Mata sun zo duk da an gaya musu babu. Na auna. Ja, ja, rawaya, ja. Na yi musu karatun kunu: gero, waken suya, gyaɗa, ɗan manja. Wata yarinya da ba ta fi ƙanwata ba ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Malama, da me?" Na kira mai bi mata.

Duk hannun da na kama yau ba shi nake gani ba.

Asabar, hantsi

Na ba Babaji gari na biyu. Yana ɗaurewa yake ba ni labari, shi a ganinsa daɗi zan ji. Wai garin farko ya yi albarka, a babbar tukunya aka dama, duk yaran gidan suka sha har da na maƙwabta. An daina ba 'yan firamare abinci a makaranta, su ma masu dafawar suna jiran a sa hannu, don haka yaran ƙannen maigidan da yunwarsu suke dawowa. Iya kuwa ba za ta zaunar da jika ɗaya tana ɗura mata kunu sauran suna kallo ba. A gidanta ba a taɓa yi ba.

Garin da na auna ya kai yarinya ɗaya kwanaki, an shanye shi zama biyu. Raina ya ɓaci. Amma wa zan yi wa faɗa? Tsohuwar da Babaji ya ce ita kanta sau ɗaya take ci a wuni?

Na ce ya gaya mata wannan magani ne, ba abinci ba. Ya ce zai faɗa.

Lahadi, bayan la'asar

Maigidan ya kira daga Kudu, shanu ba su sayu ba, sai sun ƙara kwanaki. Na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na ce ko za a dawo da 'yar Iya gari a ɗan duba ta. Ya ce Iya ita ta raine su duka, ta fi mu sanin yara, kuma in na ɗauko ta kamar na ce wa uwarsa ba ta iya riƙo ba ne. Ya ce in yi haƙuri ya dawo.

Haƙuri. To.

Litinin, hantsi

Lafiya lau, in ji Iya.

Laraba, kafin azahar

Iya ce ta kira da kanta, abin da ba ta taɓa yi ba. Muryarta har rawa take don murna. Ta ce in gode wa Allah, garin nan ya karɓi 'yar tata, ta fara ƙiba. Kumatu sun ciko, ƙafafu sun yi ɓul-ɓul har takalminta ba ya shiga. Sai dai ƙyuya, ba ta son wasa, gashin kuma ya yi ja, amma wannan gadon dangin kakanta ne.

Na ce alhamdu lillahi. Na kashe wayar na zauna a ƙasan sito.

Yaron da yunwa ta ci ba ya ƙiba a mako ɗaya. Ruwa ne. Shekara nawa ina gaya wa mata wannan a kan bencin can?

Na ce wa Malam Ayuba zan je gaishe da surukata. Ya ce, "Je ki ɗauko 'yarki, Muhsina." Na ɗauki mayafi.

Laraba, bayan magariba, babban asibiti

Da na isa Danchuwa na sami 'yar Iya a kan tabarma a inuwar rumbu, a zaune kamar an ajiye ƙullin kaya. Ba ta yi kuka ba, ba ta miƙo hannu ba. Na gaishe da Iya, na gaishe da matan gida, na sha ruwan da aka kawo. Har gona na tambaya, Allah ya sani. Da Iya ta shiga yin alwala na matsa na danna babban yatsana a bayan ƙafar yarinyar. Na ɗaga. Ramin ya zauna, bai ciko ba.

Ban san lokacin da na kwance mayafina na saɓa ta a baya ba. Iya ta fito da buta a hannu ta tsaya.

Ta ce, "Muhsina, a gabana?"

Na ce, "Iya, ki gafarce ni. Ba ƙiba ba ce. Mutuwa take yi."

Ta ce in tofar da yawu, bakin uwa dafi ne. Ta ce tun da take ba ta taɓa ganin macen da ta goya 'yar fari a gaban uwar miji ba, ga ciki a gaba, ko kunyar idon mutane babu. Ta ce in na fita da ita na nuna wa duniya ita ta kasa. Tana faɗa tana hawaye. Ban tsaya ba. Ina jin wata daga cikin matan tana cewa aikin asibiti ya buɗe mini ido.

A nan babban asibiti mai ba da kati ya tambayi sunan yarinya. Na waiga, babu wanda zai faɗa mini. Na ce Amatullah. Ya ce in ɗaga murya. Na sake faɗa.

Alhamis, hantsi

Ɗakin masu tamowa ya cika, gado ɗaya yara biyu. Yawancin ma'aikata sun tafi yajin aiki saboda albashi, sista ɗaya ce take ta kai da kawo, idonta ya yi ja don rashin barci. Ta ce madarar musamman da ake fara ba masu kumburi ta ƙare, ita ma tana cikin kayan da suke jiran sa hannu. Suna haɗa tasu da madarar gari da sukari da mai, iya abin da za su iya. Ta ce da an kawo ta kafin kumburin ya hau da gyaɗar kawai ta ishe ta. Ta san ni, don haka ba ta ƙara komai a kai ba.

Akwai wani asibiti a nesa da aka ce suna da madarar. Motar ɗaukar marasa lafiya babu mai. Malam Ayuba ya ce zai nemo ta haya, amma likita ya ce a yadda take ba za ta jure hanya ba, sai ta ɗan farfaɗo.

Jikinta sanyi ƙalau. Na kwance zanena na manna ta a ƙirjina a saman cikin, na rufe mu. Rabona da in riƙe ta haka tun ranar da aka yaye ta. Na cikin yana motsi, ita ba ta motsi.

Alhamis, la'asar

Ta ƙi karɓar cokali a hannuna. Ta kau da kai tana cewa Iya, Iya, da wata 'yar murya kamar ta mage.

Na aika Babaji.

Juma'a, bayan an sauko masallaci

Iya ta zo da ƙullin kayanta. Ba ta amsa gaisuwata ba. Ta zauna a bakin gado ta karɓi kofin, ta yi mata 'yar waƙar da take yi mata da yarensu, yarinyar ta buɗe baki. Ta sha. Na tsaya a bayansu ina riƙe da tawul.

Ina jin haushin tsohuwar nan, kuma da za a ce in durƙusa in sumbaci ƙafarta yau da na yi.

Asabar, hantsi

Kumburin ya ɗan sauka. Sista ta ce kada in yi saurin murna. Na yi.

Lahadi, azahar

Zawo ya dawo. Wuta ta ɗauke, babu man janareto, na'urar iskar da aka sa mata ta tsaya. Muna ta yi mata fifita, ni da Iya, ita ta wannan gefe ni ta wancan. A rediyon wani mai jinya an ce an ɗage zaman majalisa sai bayan hutu.

Litinin, da safe

Ba ta kira kowa ba yau.

Litinin, la'asar

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Alhamis, bayan la'asar, Danchuwa

Yau aka yi sadakar uku. Maigidan ya iso jiya, ya tarar an riga an kai ta. Yana waje da maza, ba mu haɗa ido ba tukuna.

A ɗakin Iya ake zaman. Duk wadda ta shigo wajenta take nufa, ta durƙusa ta ce Iya ya haƙuri, Allah ya sa mai ceto ce. Haka ne daidai, 'yarta ce. Iya tana kuka har muryarta ta dushe, ana riƙe ta ana ba ta baki. Ni ina bakin ƙofa ina zuba ruwa a butoci, ina miƙa gumba, ina nuna wa baƙi inda za su ajiye takalma. In wata ta tuna ta ce mini ya muka ji da haƙuri, sai in ce haƙuri sai Iya. Fauziyya ce kaɗai da ta zo ta kama hannuna ta matse, na zare don kada abin da nake riƙewa ya ƙwace.

Ban yi kuka ba. Ba a yi wa 'yar fari kuka a gaban mutane, kuma tun ranar Litinin ban samu inda babu mutane ba.

Da la'asar ta yi ɗaki ya cika da tsofaffi. Wata ƙanwar Iya ta nuna ni da baki ta ce wa sauran su duba, wannan ita ce 'yar mutunci, kwana uku ko ƙwalla ba a gani a idonta ba, irin tarbiyyar da ta ƙare a zamanin nan. Suka yi ta sa mini albarka, suna yi wa uwata addu'a a kabarinta.

Iya ta share fuska da gefen mayafi ta kira ni. Wannan ce maganar farko da ta yi mini tun ranar da na fita da goyo daga gidan nan. Na matso na durƙusa.

Ta ce, "Muhsina, abin da kika yi mini ranar nan a gaban mutane, na yafe miki. Yau kin wanke kanki."

Tsofaffi suka ce madalla, Allah ya yi wa Iya albarka.

Na sunkuyar da kai na ce na gode.